Turken Ragon Baffa Sale

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a gidan Baffanku Sale ya san ƙarfen nan mai kama da faifai da ke yashe a gindin darbejiya, wanda ake zura igiya ta hudarsa a ɗaure ragon layya. Kun hau kansa kuna yara, kun zauna a kai kun ɓare gyaɗa. Na san kuma an ba ku labarinsa iri-iri. Wasu sun ce muku hassada ce ta sa na tare wa ɗan'uwana hanyar arziki a shekarar da ya fi kusa da shi. Wasu sun ce boko ne ya hau mini kai. Uwarku kuwa in kun tambaye ta sai ta ce a bar kaza cikin gashinta. To, ni yanzu na tsufa, ido ya fara ja da baya, kuma ba na so in tafi in bar ku da labarin bakin kasuwa. Saboda ƙarfen nan ne ni da Yaya muka yi shekaru ba mu sa hannu a kwano ɗaya ba, kuma ga yadda abin ya faru.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, da mata uku a tsakaninmu. Yaya Sale ɗan fari, ni auta. Ku 'yan yanzu da kuke kiran 'ya'yanku na fari da sunansu gatsal, har kuna ɗora su a kafaɗa a gaban surukai, ba za ku gane abin da wannan yake nufi ba sai na bayyana muku. Inna ba ta kiran sunan Yaya. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda ya zauna. In ya shigo gaishe ta da safe ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta karkata fuska wajen bango ta amsa ciki-ciki kamar mai ciwon haƙori. In tana da saƙo gare shi ni take aika: ka ce wa mutumin nan ɗakin baya yana yoyo, ka ce wa mutumin nan ya leƙa gwaggonku ba ta da lafiya. An ce ko nono ba ta ba shi a gaban mutane ba, sai ta kewaya bayan ɗaki, kuma ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi ta riƙe. Kunyar ɗan fari ke nan. A zamaninsu abin yabo ce, ba ƙiyayya ba ce, kuma Inna ta riƙe ta fiye da duk matan garinmu. Ni kuwa har na yi gemu ina shiga ɗakinta in miƙe a kan tabarma, tana zagina tana miƙo mini ƙanzo. Ban taɓa jin Yaya ya yi kuka da wannan ba, shi ya sa na ɗauka bai dame shi ba.

Da Baba ya rasu, Yaya ya zama babban gida. Shi ya ƙarasa mini makaranta da gumin noman rani, tumatir da albasa a bakin kanal, har na fito malamin fizis a wata sakandare da ke tsakanin Kura da Bunkure. Dokarsa ɗaya ce a gidan: ko matar wa ta yi girki, abincinmu ni da shi a kwano ɗaya ake zubawa, a zaure, bayan magariba. In akwai nama sai ya tura mini tsokar da ɗan yatsa ya ce, "Ci, Auta, alli ba ya ƙosarwa." Mutum ne mai barkwanci in ya so, mai taurin kai ko da bai so ba. Ni ma ba baya ba ne wajen taurin kan, gadonmu ne.

Yaya yana da injin casar shinkafa a wata rumfar kwano a bakin hanyar kanal. Mata su turara shanshera a gida, a shanya, sannan a kawo masa ya cashe. Injin dizal ne a gefe ɗaya, macasa a ɗaya gefen, bel, wato ɗamarar roba, ya haɗa su. A jikin macasar akwai babban faifan ƙarfe da bel yake hawa, masu inji suna ce masa fuli. Shi ne turken ragonku. A shekarar da nake ba ku labari, shekarar da wayar salula ta fara shigowa garinmu har mutane suna hawa tudun kanal neman sabis, shinkafa ta yi albarka irin wadda aka daɗe ba a gani ba. 'Yan kasuwa suna zuwa daga Kano da manyan motoci, buhuna sun yi layi daga bakin rumfa har gindin gada. Ana cikin wannan sai fulin ya tsage. Sabo irinsa babu a kusa, sai an yi aike nesa an jira. Yaya ya kai wa mai walda, aka ɗinke tsagar, aka ɗora wani guntun ƙarfe mai kauri a kanta aka manne don ƙarin ƙarfi. Inji ya tashi, amma da rawa. Kwanon rufi yana kaɗawa, kofin shayi in ka ajiye a benci sai ya yi tattaki da kansa ya faɗo. Yaya ya sa aka danne gindin injin da duwatsu da buhunan yashi, ya ce ai rawar inji lafiyarsa ce. Sannan, ganin layi ya ƙi raguwa, ya yanke shawarar sauya ƙaramin fulin da ke jikin injin dizal da wanda ya fi shi girma, don macasar ta riƙa juyawa kusan ninkin yadda take yi.

A daidai wannan zangon ina koya wa 'yan aji biyu na babbar sakandare darasin abin da ke juyawa a da'ira. Darasi ne da yara suke tsoro a banza, ni kuma shi na fi so. Ba na farawa da allo. Fili nake fitar da su, don babu ɗan garinmu da bai taɓa korar tsuntsu a gonar shinkafa da majaujawa ba. Sai in sa dutse a majaujawa in wulwula a saman kaina, in tambaye su: wa yake jan wa? Nan gardama take tashi. Yawancinsu sai su ce akwai wani abu da ke tura dutsen waje. Sai in ce musu babu mai tura shi. Dutse ba don yana so yake kewayawa ba. Kowane lokaci so yake ya miƙe ya yi tafiyarsa, igiya ce take janyo shi wajen tsakiya tana karya masa hanya. Ranar da igiya ta gaza, ba zai yi shawara da kowa ba, zai miƙe ta inda ya sa gaba a daidai wannan lokacin, ba ta inda hannunka yake nunawa ba. Shi ya sa gwanin majaujawa yake saki tun dutsen yana gefensa, ba sai ya zo gabansa ba. Hannunsu ya san wannan tun suna ƙanana, aikina kawai in sa kansu ya yarda da hannunsu.

In mun koma aji sai lissafi. Kullum ina gaya musu kada wanda ya taɓa lamba sai ya zana abin tukuna, ya sa kibiya a kan duk abin da ke ja, ya nuna inda take fuskanta. Jan da igiya take sha abu uku ne suke haifar da shi: nauyin dutse, tsawon igiya, da saurin juyi. Amma saurin juyi ba sau ɗaya yake shiga lissafin ba, sau kansa ake yi. In ka ninka nauyin dutse, ja ya ninku. In ka ninka tsawon igiya, kana kewayawa da yawan juyi iri ɗaya, ja ya ninku. In kuwa saurin juyi ka ninka, ja sai ya zama huɗu. A nan yara suke faɗuwa a jarrabawa, don hankali yana gaya musu biyu, lissafi yana cewa huɗu. Wata ranar Alhamis ina tsaye ina zana musu tambaya, da'ira, ɗigo a tsakiya, dutse a gefe, sai alli ya tsaya mini a hannu. Na ga ba majaujawa nake zanawa ba. Fulin Yaya ne a allon, guntun ƙarfen nan shi ne dutse, walda ita ce igiya. Na tsaya ina kallon zanen, har wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, lafiya?"

Ana tashi ban bi ta gida ba, na zarce rumfa. Na tambayi mai walda nauyin abin da ya ɗora, ya ce bai fi babbar albasa ba. Na auna da hannu daga tsakiyar fulin zuwa inda yake, taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Saurin juyin kuwa a rubuce yake a jikin macasar. Na ciro guntun alli daga aljihu na yi lissafin a bayan ƙyauren rumfar, na goge, na sake. A saurin da injin yake yi a lokacin, ɗan ƙarfen nan da bai fi albasa ba yana fizgar waldar da nauyin ƙato guda. Ba kuma gefe ɗaya yake fizga ba: sama, gaba, ƙasa, baya, sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Rawar da ake dannewa da duwatsu ke nan. Faifan da nauyinsa ya daidaita ta kowane gefe, jan wannan ɓangare yana kashe jan wancan, sai ya yi ta juyawa lami lafiya kamar yana barci. Wannan kuwa an ɗora masa kaya a kafaɗa ɗaya. In aka ninka sauri, ƙarti huɗu ne za su rataya a tsagar da aka ɗinke. Sai na tsaya a gefen fulin na bi bakinsa da ido, kamar yadda nake koya wa yara su bi hanyar dutse. Layin ya miƙe kai tsaye zuwa jikin bangon da tsofaffin mata da 'yan mata suke zama a inuwa suna jiran a zo kansu.

Da magariba aka kawo tuwo. Na bari Yaya ya ci ya kai rabi, don ba a yi wa mai yunwa wa'azi.

"Yaya, ina da magana a kan injin nan."

"Injin yana gaishe ka. Me ya yi maka?"

Na bayyana masa duka, da majaujawa, da albasa, da ƙarti huɗu. Ya saurara har ƙarshe, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sannan ya suɗe hannu.

"To Malam Auta, na ji ƙartinka. Tambaya ɗaya zan yi maka. Waldar nan, ƙarti nawa za ta iya ɗauka?"

"Ban sani ba, Yaya. Wannan sai an gwada ta da na'urar da ba mu da ita."

"Ka ji fa! Ka san nauyin kaya, ba ka san ƙarfin jaki ba, amma ka ce jaki zai durƙushe. Ni tun kana rarrafe nake cikin ƙarafa. Na ga walda ta fi inda ba a yi waldar ba ƙarfi."

"Haka ne. Amma bari mu kwance fulin mu zura shi a sanda mu juya. In kullum gefen waldar ne yake tsayawa a ƙasa, ka ga da idonka. Sai a ɗora masa nauyi a ɗaya gefen, a bar saurin yadda yake har sabo ya iso."

"In kwance inji ana tsakiyar kaka? Auta, matan nan da ka ce kana tausayi, shinkafarsu ce take zaune a rana, 'yan kasuwa suna shirin juyawa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ci tuwonka."

Raina ya ɓaci, na ce masa tsautsayin da aka hango aka ƙi kaucewa ba tsautsayi ba ne, ganganci ne. Ya dube ni, ya yi murmushin da ba na dariya ba, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce jibi Asabar za a ɗaura sabon ƙaramin fulin. Muka ƙarasa tuwon muka tashi.

Ku duba hanyoyin da suka rage mini. In je wurin mai unguwa, na kai ƙarar yayana waje, na zubar da mutuncin gidanmu a titi. In je in gaya wa matan su daina zama a jikin bangon, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa injin Sale zai kashe mutane, na kashe masa sana'a da bakina. In yi shiru, in je in ci gaba da koya wa 'ya'yan mutane cewa biyu tana zama huɗu, alhali iyayensu mata suna zaune a kan layin. Mutum ɗaya ce a duniya Yaya ba zai tsallake maganarta ba, ita ce kuma wadda ba ta yi masa magana. Da na gaya wa uwarku abin da nake shirin yi, ta ajiye muciya ta ce, "Malam, tsakanin uwa da ɗan fari za ka shiga? Wurin nan ko Baba bai taɓa shiga ba." Na ce na sani. Ta ce, "A'a, ba ka sani ba, amma je ka."

Ranar Juma'a da hantsi na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. A lokacin babu mai sayen zaren hannu, amma ta ƙi ajiye mazari, takan ce hannun da ba ya kaɗi bakinsa ne yake yi. Na zauna na gaishe ta. Ban kawo mata lamba ko ɗaya ba. Na ɗebo 'yar laka daga gindin randa, na karɓi mazarin, na manna ta a gefe ɗaya na gululun, wato dunƙulen yumɓun nan da ke ƙasan mazari, na miƙa mata.

"Inna, murza mu gani."

"Kai dai ba ka girma. Ka ɓata mini gululu, ai ba zai tsaya ba."

"Murza dai."

Ta murza. Mazarin ya kama tangaɗi yana kaɗa kai. Na ce ta ƙara sauri. Ta harare ni, ta murza da ƙarfi. Lakar ta fita fit, ta daki ƙwaryar da ke can gefe, ƙwas! Sannan na gaya mata labarin fulin, da abin da aka manna masa, da saurin da za a ƙara gobe, da matan da ke zama a jikin bango. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar.

"Mutumin nan fa, a ina yake tsayawa?"

"A bakin mazubi, Inna, inda ake juye shanshera. Dab da fulin."

Ta ɗauki mazarin ta goge gululun da bakin zane, a hankali, har ya fita tas.

"Je ka ce masa na ce ya bari."

"Inna, na riga na gaya masa da bakina ya ƙi. In na koma da saƙonki zai ce ni na ƙaga, ko ni na sa miki magana. Sai dai ya ji daga gare ki."

"Auta, ka san abin da kake roƙo na?"

"Na sani."

Ta ci gaba da kaɗinta har na zaci ta ƙi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kira mini shi."

Yaya ya zo da gudu-gudu, ɓuntu a gashin kansa da girarsa, don ya ɗauka ciwo ne ya kama ta. Ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Na ji ta ce ya shigo ciki. Ya waiwayo ya dube ni, ya cire takalmi ya shiga, aka saki labule. Ni na koma gindin rumbu na tsaya. Ban ji komai ba sai ƙasa-ƙasan murya, kuma ba a daɗe ba. Da ya fito idanunsa sun yi ja wur. Ya wuce ta gabana kamar babu kowa a wurin. Kafin a tafi masallacin Juma'a ya sauke bel da hannunsa, ya kwance fulin, ya mirgino shi har gida ya yar a gindin darbejiya, ya gaya wa mata kowa ta kwashe kayanta sai sabon ƙarfe ya iso. Ban ce ya kashe injin gaba ɗaya ba, na ce a daidaita a bar sauri. Amma Yaya ba ya yin abu rabi, ko fushi ne. Da magariba na fito zaure na zauna a wurina, sai aka kawo kwano biyu.

Sabon fuli bai iso ba sai da kaka ta wuce. 'Yan kasuwa suka juya, mata suka koma injinan cikin Kura, wasu ba su sake dawowa ba har abada. Waɗanda suka fara sana'ar tare da Yaya a wannan shekarar suka ƙara inji na biyu, wasu suka sayi mota, shi kuwa ya koma inda ya fara. Ban ga laifin masu cewa na tare masa arziki ba, don a ido haka abin yake. Bai yanke gaisuwa da ni ba, ya fi ƙarfin wannan, kuma yana tsoron Allah. Sunan kowannenku da aka haifa bayan nan shi ya raba goro. In ba ni da lafiya zai tsaya a bakin ƙofa ya ce ya jiki. Sai dai Auta ya mutu a bakinsa. Malam ya koma ce mini, Malam an tashi lafiya, Malam sai da safe, kamar wani baƙon da aka turo garin aiki. Kullum magariba muna zaune a zaure ɗaya, tabarma ɗaya, kowa da kwanonsa. Wallahi da ya zage ni ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu abin da ya faru. A littafin makaranta in ka gama lissafi sai ka juya baya ka duba amsa. Wannan tambayar ba ta da shafin baya. Ƙarfen yana nan kwance, waldarsa ko gezau, kullum na fito sai na gan shi kamar yana yi mini dariya. Na sake lissafin ban san iyaka ba, a allo bayan yara sun tashi, a ƙasa da tsinke in ina jiran ruwa ya shigo gona, kullum ƙarti huɗu suke fitowa. Amma tambayar Yaya tana nan daram: jakin fa, nawa zai ɗauka? Ban sani ba a lokacin, ban sani ba yau. Abin da na sani shi ne wanda bai san ƙarfin igiya ba, ba ya wulwula dutse a kan mutane. Da za a mayar da ni wannan Juma'ar, ɗakin Inna zan sake nufa. Amma daga shekarar na ƙara wa ɗalibaina abu ɗaya da babu a manhaja. In sun gama lissafi sun ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, sai in ce, to, me lissafin nan bai gaya muku ba? Suna ganin fitina ce irin ta tsofaffin malamai.

Inna ta rasu wajen ƙarshen shekarun nan, bayan gajeruwar jinya. Har ta koma ga Allah ban sake ganin ta ɗaga ido ta dubi Yaya ba, ta koma ce masa mutumin nan kamar ba a yi komai ba. Ranar addu'ar bakwai, da la'asar, bayan 'yan gaisuwa sun watse an naɗe tabarmi, muka rage mu biyu a gindin darbejiya. Yana zaune a kan fulin. Ya daɗe yana shafa waldar da tafin hannu.

"Ka san abin da ta ce mini ran nan?"

"Ban ji ba, Yaya. Ina gindin rumbu."

"Ba ta ce komai a kan lissafinka ba. Ƙartinka huɗu ko sau ɗaya ba ta ambace su ba. Ta ɗago kai ta dube ni, ido cikin ido. Ta ce, Salihu."

Ya tsaya. Ni kaina ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

"Ta ce, Salihu, an ce kai ne kake tsayawa dab da ƙarfen nan. Ban goya ka a gaban mutane ba, ban kira ka ba, na iya wannan duka. Amma ba zan iya zaman makokinka ba. Ka cire shi."

Hawaye yana bin gemunsa bai share ba.

"Tun ina yaro a ɗakin kaka nake so in ji yadda sunana yake a bakinta. Na yi furfura ban ji ba, na haƙura. Sai ga shi na ji, kuma sai da ƙanena ya je ya roƙo mini. Ba injin ne ya ƙona mini rai ba, inji me? Kai kullum kana da ita. Ni sau ɗaya tak, shi ma kai ka kawo. Na rasa yadda zan yi da kai. In gode maka, bakina ya ƙi. Sai na ga fushi ya fi sauƙi, na kama shi, daga baya kuma na rasa inda zan ajiye."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini asarar da ka yi." Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Sannan ya buga ƙarfen da dunduniya.

"Tsakaninka da Allah, da ya fashe?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ni ma haka," in ji shi, har ya ɗan yi dariya.

Aka kira magariba muka je muka dawo. Da muka zauna a zaure ya ɗaga murya ya ce wa na cikin gida a haɗa mana. Aka kawo kwano ɗaya. Ya buɗe, ya lalubo tsoka ya turo gabana da ɗan yatsa.

"Matso, Auta. Sa hannu."

Na matsa na sa hannu.

Yau Yaya ma ba ya nan, Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna, ya haɗa su inda babu kunya tsakanin uwa da ɗa. Na ji an ce 'yan gwangwan sun fara zagayen ƙarfen nan suna tayawa, wasunku har suna cewa tsohon ƙarfe ne yana tare wuri. Ku ci gaba da ɗaure ragonku a jikinsa, kada wanda ya sayar. Ban san ko ya ceci ran kowa ba. Amma shi ne ya sa Inna ta kira sunan ɗanta.